Riga Bakwai a Bazarar Yauri

Tun da na dawo daga ƙasar Yauri ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan biki, har a layin niƙa, kowacce sai ta ja mayafina: "Hajiya Talatu, yaya Yauri? Yaya jika? Ina tsarabarmu?" Amsa ɗaya nake bayarwa, zafi da albasa, a yi dariya a wuce. Niyyata in bar maganar a haka har in koma ga Allah. To shekaranjiya na shiga gidan ƙawata Hajiya Ladi, na tarar da ita da kwarashi da zaren ulu tana saƙa hula mai kunnuwa, wai ta jikan da za a haifa mata a Sakkwato wata mai zuwa. Nan na ga in na ci gaba da shiru alhaki zan ɗauka. Saboda haka ga labarin daga farkonsa, har da inda ba ya yi mini daɗi.

Rukayya ita ce autata. Wani yaro Nasiru ya zo karatu nan Jos ya gan ta, aka yi aure ya tafi da ita garinsu, wata tunga a bakin ruwa kusa da Warra, a ƙasar Yauri. Tunga ƙauyen masunta ke nan, in ba ku sani ba, ni ma sai da na aurar da 'ya can na sani. Mun shirya za ta dawo gida goyon ciki ta haihu a gabana, sai yaron ya yi gaban kansa ya fito saura mako uku, a farkon watan Maris. Aka bugo waya cewa an samu namiji, ni kuwa na ce ba wadda za ta kula mini da jegon 'ya da jikan nan sai ni.

Wata huɗu na yi ina saƙa. Suwaita shida, huluna, safa, shawul mai tuntu a gefe, ga barguna biyu masu laushi da na zaɓo da hannuna a kasuwa. Na cika akwati har sai da na zauna a kai kafin ya rufu. Na haɗa da dankalin turawa da kabeji da karas da acca, don su san daga gari na fito. Maigidana yana tsaye yana kallo, ya ce, "Hajiya, an ce fa wurin akwai zafi." Na ce masa jariri jariri ne ko a ina aka haife shi, ya tsaya a harkar maza.

Bayan sallar asuba muka bar Jos, ina sanye da suwaita da safa kamar kowane mai hankali. A Akwanga na cire suwaita. A Suleja na cire safa. Da muka isa Minna kunya ce kawai ta hana ni ci gaba da cirewa. A can wani ɗan kasuwar albasa ya shigo motar, Malam Garba, mutumin Yelwa ta Yauri, ya zauna a bayana da warin hajarsa. Ya ga ina fifita da murfin kula, zufa na ɗiga daga haɓata, ya ce, "Hajiya, halan baƙuwa ta?" Na ce daga Jos. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Kin yi sa'a, kin taho da wuri. Ai zahi bai zaka ba tukuna."

Ku riƙe wannan magana, don ita ce taken ƙasar. Ba su da wata gaisuwa da ta fi ta. Mutum na narkewa a gabansu kamar man shanu a kasko, su dube shi su ce zafi bai zo ba, wannan sallama ce kawai yake yi.

Magariba ta yi mana a Kwantagora, direba ya ce ba mai bin hanyar nan da duhu, kowa ya nemi makwanci. Na sami wani masauki kusa da tasha, mai shi yana ta yabon fankarsa. Fankar tana juyawa kam, sai dai aikinta ta kwaso zafin rufin kwano ta zubo maka a ka. Na ce bari in watsa ruwa in ji sanyi, na buɗe famfo, ruwan da ya wuni a tankin sama ya zubo mini a baya, wallahi da shi za a iya fige kaza. Na yi ƙara, matar mai masaukin ta leƙo ta ce ai ba a wanka da na famfo sai da safe, wa ya aike ni. Da gari ya waye na kwance buhun tsarabata. Karas ya yi laushi yana lanƙwasa, kabeji kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Na jefa wa wata akuya a bakin tasha, ta sansana, ta dube ni, ta yi tafiyarta.

A kan iyakar Neja da Kebbi akwai shinge, wani mai kaki ya ce a buɗe but ɗin mota. Ya nuna akwatina ya ce na wane ne. Na sauko na buɗe masa, suwaitoci suka yi tsalle suka fito. Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya ɗaga hula, ya ɗaga bargo, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

"Hajiya, gwanjo kike sayarwa?"

"Kayan jikana ne, da hannuna na saƙa."

"Jikan yana ina?"

"Warra."

Suka dubi juna. Ya ce, "Warra ta nan, ko akwai wata a ƙasar Turawa?" Mota duk ta kwashe da dariya, har Malam Garba da nake ganin mutuncinsa. Na rufe akwatina na ce a raina jahilci ne, mutanen da ba su san darajar saƙar hannu ba.

Ana kiran azahar muka shiga Yelwa. Abu na farko da ya tare ni albasa ce, tsibi tsibi a bakin hanya, lokacin cirarta ne, sai warin kifin banda ya biyo baya. Na biyu kuma shiru. Mu a Jos tsakar rana ita ce lokacin da mutum ke fita harkarsa, an sha ɗumi, jiki ya saki. A can kuwa gari mutuwa yake yi. Mai shago kwance a ƙofar shagonsa, mai nama kwance a ƙarƙashin teburinsa, ƙarti majiya ƙarfi sun baje a gindin darbejiya riga a kan fuska. Na ce lallai na zo ƙasar malalata. Ban sani ba tun kafin asuba suke gona da ruwa, lokacin da ni nake ƙudundune a bargo.

Nasiru yana jirana a tasha. Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya ce mu ɗan jira la'asar kafin mu kama hanyar Warra. Na ce ban yi kwana biyu a mota don in zauna kallon masu barci ba. Ya tashi ya zaga direbobi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko ɗaga rigar daga fuskarsa. Ɗaya ne ya yi magana daga kwance, ya ce, "Hwaɗa ma Hajiya taya ma tana da rai." Haka na zauna a kan benci har la'asar, ina shan ruwan leda mai ɗumi ina jin haushin kowa.

Daga Warra jirgin ruwa ake shiga. A wannan lokaci ruwa ya ja baya, sai an taka tafiya a kan busasshiyar laka kafin a kai bakinsa. Ban yi rabi ba ƙasan takalmina na dama ya saki, gam ɗin ya narke. Haka surukar gari ta isa bakin jirgi tana jan ƙafa, takalmi na buɗe baki yana rufewa. Mai jirgin wani tsoho ne, Baba Manu, ya dubi ƙafata ya ce, "Sannu Hajiya. Ki gode Allah, zahi bai zaka ba tukuna."

Uwar Nasiru, Inna Ige, ita ta tare ni a ƙofar gida. 'Yar ƙaramar mace ce baƙa, busasshiya, tana ƙanshin hayaƙin banda, don sana'arta ke nan. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta ɗebo ruwan randa a ƙwarya, ta koma gefe ta zauna. Na fara tambayar mai jego, ta ɗaga hannu ta ce, "Sha ruwa tukuna, Hajiya. Nan ba mu gaisawa da baƙo sai zuhwa tai ta bushe." Na ce a raina ko gaisuwa ma sai an yi mata layi. Amma ruwan ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Da zufar ta bushe aka kai ni bayan ɗaki. Akwai wata bishiyar mangwaro, a gindinta Rukayya na zaune a kan tabarma. A gefenta, a fili, a gaban iska, a gaban kowa, ga jikana kwance ɗan kwana uku, ba komai a jikinsa sai ƙyallen gindi.

Na yi salati da ƙarfi har kaji suka watse.

A nan dole in faɗi abin da ban cika faɗa ba. Kafin Rukayya na haifi wani yaro, Sani. Kwanansa talatin da takwas a duniya. Cikin sanyin Disamba na fita da shi barkar wata maƙwabciya da 'yar riga ɗaya da zani, ya kwana yana tari, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, kwana uku ya koma. Shekara talatin ke nan, kuma har yau in na ga jariri ba hula gabana faɗuwa yake. A kansa na koyi saƙa. Don haka da na ga jikana tsirara a iska, ba Warra nake gani ba, Sani nake gani.

Na sure shi na ce a nuna mini ɗaki. Inna Ige ta biyo ni a hankali tana cewa, "Hajiya, ɗakin kwano na, da rana ba a zama cikinai. Yaro shina son iska." Na juyo na ce mata, da murmushin da ya fi zagi ciwo, "Innar Nasiru, na haifi bakwai na yi jegon jikoki tara. A bar mini wannan." Sai ta ce, "Ɗiyarki ta, jikanki na." A al'adarsu, kamar tamu, in uwar mai jego ta zo ita ke da ɗaki, uwar miji ba ta ja da ita. Ta koma wurin bandarta.

Na buɗe akwati na shiga aiki. Singileti, riga, suwaita, hula, safa, shawul, bargo. Na rufe taga na toshe ramin da ke ƙasanta da tsumma. Na sa aka kawo mini kaskon garwashi na ajiye a lungu don mai jego ta gasu, yadda ake yi a kowane gidan mutunci a Jos. Ni kaina zufa ta jiƙa ni har zani, amma na ɗauke ta a matsayin sadaukarwa. Matan tunga suna zuwa barka, su leƙo, su ja da baya kamar an mare su, su yi addu'a daga bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta ce, "Hajiya, gurasa a ka gasawa ciki?" Na yi kamar ban ji ba.

Abinci kuwa, kifi ne da safe, kifi da rana, kifi da yamma. Tuwon shinkafa da miyar kifi, romon kifi, kifi a cikin wake. Ranar da na ce a dafa dankalina don a ɗan canja baki, aka kawo mini shi da tarwaɗa kwance a kai. Na tambayi wata ƙanwar Nasiru ko suna cin nama, ta ce, "Muna ci mana, in kihi ya ƙare." Na ce yaushe yake ƙarewa, ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba.

Kwana ɗaya da wuni muka yi a haka. Ƙuraje ƙanana suka feso wa yaron a wuya, na ce na haihuwa ne, na shafa hoda. Ya yi ta kuka, na ce rigimar maza ce. Rukayya kuwa sai kawar da kai take yi. Ɗan fari ne, kun san yadda abin yake, ba ta ko kallonsa a gabana, in zai sha nono sai na miƙa mata ta juya baya. Sau ɗaya ta ce, "Mama, ko a ɗan buɗe tagar?" Na ce, "Ke kika haife ni ko ni na haife ki?" Ta sunkuyar da kai.

Ranar da ya cika kwana biyar, Nasiru ya tafi Warra neman ragon suna, Inna Ige tana wurin banda a bakin ruwa. Tun hantsi yaron ya daina kuka. Na ji daɗi, har na ce wa Rukayya, "Kin gani? Ya ji ɗumi ya samu barci." Rana ta take, kwanon ɗakin yana ƙara ƙas ƙas. Wajen azahar na miƙa mata shi, ta juya baya, ta daɗe, sannan ta ce da wata irin murya, "Mama, ba ya kamawa."

Na karɓe shi na taɓa goshinsa. Zafi rau. Leɓensa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa, ƙyallen gindinsa a bushe tun na safe. To ku ji abin da na yi, ni mai jikoki tara. Na ce zazzaɓi ne, iskar ranar farko ce ta shige shi, ga abin da nake gudu. Na buɗe akwati na ciro bargo na biyu na fara naɗa masa.

Ban san Rukayya tana da irin wannan ƙarfi ba. Ta fizge shi daga hannuna har na yi baya na zauna a kan akwatin. Ta banke ƙofa ta fita, ba ɗankwali, ba takalmi, a kan ƙasa mai zafi irin wadda ta cinye mini takalmi, tana gudu tana ihu, "Inna! Inna! Ɗana! Ɗana zai mutu!" Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ga ta tana kiran ɗan fari ɗanta a gaban tunga guda. Duk masu kwance a inuwa suka miƙe.

Na bi ta ina haki. Na tarar Inna Ige ta karɓe shi ta zauna a gindin wata bishiya, tana kwance shi. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta cire bargo ta ajiye, ta cire na biyun. Ta cire shawul. Ta cire hula, gashinsa ya manne da kai sharkaf. Suwaita, riga, singileti. Mata sun kewaye mu, ina jin wata tana ƙirgawa a hankali har ta kai bakwai. Yaron ya fito ja wur, ya yi laƙwas a tafin hannunta, idonsa a rufe. Ta ce a kawo ruwa, ba na randa mai sanyi ba, wanda ya ɗan sha iska. Ta tsoma gefen zaninta tana shafa masa a kai, a wuya, a hammata, tana hura masa iska da bakinta. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Manu! Tada jirgi!"

Ba a shiga ruwa da tsakar rana a wannan lokaci, ko masunta ba sa yi. Nan take Baba Manu ya ja igiyar inji. Muka shiga mu uku da yaron. Inna ta miƙo mini bakin zani ta ce, "Riƙa mai inuwa, Hajiya." Aikin da aka ga ya dace da ni ke nan, kuma na riƙe shi da hannu biyu. Ruwa yana walƙiya yana kashe ido, ƙarfen jirgin ba ya taɓuwa. Ina riƙe da zani ina kallon ƙirjin yaron yana ɗagawa da ƙyar, ina cewa a raina, ya Allah, na farko sanyi ne, wannan kuwa ni ce. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ban kuma taɓa tsanar kaina haka ba.

Mun yi kusan rabin ruwa, Inna na ta shafa masa jiƙaƙƙen zani, sai ya motsa ƙafa. Ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya saki wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Inna ta ce, "Ba shi mama, maza." Rukayya ba ta juya wa kowa baya ba. Ya lalubo, ya saki, ya sake lalubowa, ya kama. Baba Manu ya ce Alhamdulillahi daga bayan jirgi, bai rage gudu ba.

A asibitin Warra wata nas muka samu, Sista Rifkatu, Bakambara, doguwa, ba ta da lokacin wasa. Ta auna shi, ta duba maɗiga da baki, ta sa aka ci gaba da ba shi nono, ta ce za a riƙe shi zuwa gobe a gani. Sannan ta juyo kanmu.

"Wa ya naɗe yaron nan?"

Na buɗe baki, Inna Ige ta riga ni. "Mu munka naɗe shi, Sista."

"Ku? Inna, ke da aka haifa a bakin ruwan nan?"

"Tsuhwa ta, ɗiyata. Mun yi kuskure."

Sista ta sunkuya ta zare wani abu daga ƙafar yaron ta hagu. Safa ce shuɗiya mai fure, ɗaya ta tsira a duk wannan gudu. Ta ɗaga ta tana juyawa, ta dubi Inna, ta dubi fuskata da ta yi jawur da takalmin aro da ke ƙafata. Ta ce, "Wannan dai ba saƙar Warra ba ce." Ta sa mini ita a hannu ta ce, "Mama, a bazarar nan ko ɗan akuya aka rufe a ɗakin kwano da garwashi ba zai kai la'asar ba. Da kun ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi." Na cusa safar a jakata.

Da yamma muna zaune a barandar asibitin ni da Inna, yaron ya sha ya jiƙa ƙyalle har sau biyu, ana ta murna da fitsari kamar an ga watan sallah. Na ce mata, "Innar Nasiru, me ya sa kika ce mu?" Ta ce ai tana gani ta yi shiru, shirun nata ma naɗi ne. Sai na ba ta labarin Sani, wanda ko Rukayya ba ta taɓa ji daga bakina ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ita biyu ta binne, mace da namiji, shekara guda, cikin bazara, ciwon sanƙarau, lokacin suna kwana su tara a ɗaki guda a rufe. Tun ranar ba ta sake rufe taga ba, ko ana ruwa. Ta ce, "Ke sanyi yad ɗauke miki, ni zahi. Da ni nit tahi Jos jego, da tsirara zan aje shi ga iska, ke ki kwashe shi ki yi gudu." Muka yi dariya, muna yi muna share ido.

Aka yi suna ranar bakwai, yaro ya ci sunan Muhammadu Sani. Ba ni na roƙa ba, kuma har yau Nasiru bai gaya mini wa ya ba shi shawara ba, ko da yake na sani. Mutanen tunga kuwa ba ruwansu da wannan, Mai Riga Bakwai suke ce masa, kuma ina jin sunan ya zauna ke nan har ya yi gemu. Da na fito tsakar gida ranar, sai na ga bargunana guda biyu. Inna ta jiƙa su ta naɗe manyan randunan gidan da su, iska na bugawa, ruwan ya yi sanyi har yana kama haƙori. Duk wanda ya sha sai ya tambaya, ita kuma ta nuna ni ta ce, "Kakarshi ta Jos tak kawo muna, tun daga can tad ɗauko." Aka yi ta zuwa ana yi mini godiya. Ban taɓa shan kunya mai sanyi irin wannan ba.

Na yi sati uku a can. Na koyi tashi kafin asuba, na koyi kwanciya a gindin mangwaro da azahar da mayafi a fuska, ni da na kira mutane malalata. Ranar da zan taho Baba Manu ya ce in ɗan ƙara kwana biyu mana, ai zafin ya kusa zuwa, kada in koma ban gan shi ba. Na ce ya gaishe shi in ya iso.

Masu neman tsaraba, kifi da albasa na raba sun ƙare. Abin da na riƙe wa kaina safa ce shuɗiya ƙwaya ɗaya, tana cikin jakata, 'yar'uwarta tana wani wuri tsakanin tunga da Warra. Hajiya Ladi, in kin gama hular nan mai kunnuwa, ki zo in nuna miki ita kafin ki hau motar Sakkwato.

Jiya Rukayya ta bugo waya, ina jin Sani yana tsala kuka a bayanta da dukan ƙarfinsa. Inna Ige ta karɓa ta ce, "Hajiya, albishirinki, zahi ya zaka." Na ce to me yaron yake sanye da shi? Ta ce, "Hwatar da Allah ya ba shi." A nan Jos hadari ne ya haɗu, ina zaune da suwaita da kofin shayi, sai da gabana ya faɗi kamar kullum. Na haɗiye, na ce mata a ƙara buɗe tagar.